Gidan balan-balan da Sallah: abin da ya same ni

Salam ɗan uwa. Wallahi da na ga ka ce za ka sayi gidan balan-balan na hannu da injin gugguru ka kafa a wurin wasan yara da Sallah, kana tambayar me za ka fara duba wa, sai da gabana ya faɗi.

Janareta, shi za ka fara dubawa. Ni haya na ɗauko wurin wani mutum, ya rantse min har da dafa ƙirji wai jiya jiya aka yi masa sabis. Ranar hawan Daushe bayan la'asar yara cike a ciki suna ta tsalle, kawai sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu, bulowa mai hura wa gidan iska ta tsaya, kafin in zagayo daga wurin gugguru rufin ya fara kwantowa a kansu. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ba ta wuce shekara 4 ba, da sabon leshinta da lalle a hannu, ta ƙafa na jawo ta daga ƙarƙashin tamfol ɗin, ko kuka ta kasa yi sai haki. Uwarta ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi, da ma zagin ta yi min. Na kira mutumin nan ya fi sau goma waya a kashe, washegari ya zo ko ya jikin yarinyar bai ce ba, wai ai inji ba shi da tabbas, in cika masa kuɗinsa. Har yau in na hango shi a hanya raina ɓaci yake.

Don Allah bulowa ka ba ta nata injin ita kaɗai, kar ka jona ta da na gugguru ko na alawar auduga, masu hita ne suna jan wuta sosai. Ka cika mai tun safe, kar a ƙara mai inji na aiki. Turaku aƙalla 6 a kafe su da kyau, in kan siminti ne buhunan yashi. Ka hango hadari ya taso ka fito da yara nan take ko iyaye za su yi faɗa, iskar gaban ruwa ɗaga shi take yi.

Manya daban ƙanana daban, a cire takalmi da fil ɗin ɗankwali. Shi gidan na hannun ma ka sa a hura a gabanka ya yi awa guda kana bin ɗinki da faci.

In na gas ne injin guggurun ka shafa ruwan sabulu a tiyo, ka ga kumfa ka canja, ka ajiye abin kashe gobara kusa. Yaron da zai tsaya ƙofa kuma kar ya zama shi ke karɓar kuɗi, hankalinsa kan canji zai koma, nawa ma kwashe min ciniki ya dinga yi ban sani ba sai bayan Sallah. Allah ya sa albarka ya tsare mana yaran mutane.