Ga ƙaninmu mai shirin tafiya Japan koyar da Turanci

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce wani kamfani ya ɗauke ka aikin koyar da Turanci a makarantun gwamnati a Japan kan yen 230,000 a wata, kana so ka ji ko kuɗin zai riƙe ka, yaya ake yi da abinci da salla, da kuma yadda mutanen ƙasar suke zama da baƙar fata. Na yi wannan aiki shekara huɗu, daga Afrilun 2018 zuwa Maris ɗin 2022, a wani ƙaramin gari a lardin Ibaraki, arewa maso gabas da Tokyo.

Sunan aikin ALT, wato mataimakin malamin harshe, kuma ka riƙe kalmar mataimaki da kyau. A ƙaramar sakandare ba kai ne mai aji ba. Akwai malamin Turanci ɗan ƙasa, shi ke jan darasi. Na yi aiki da wata malama da kan bar min rabin lokaci in shirya abin da na ga dama, na kuma yi da wani malami wanda shekara guda cur bai taɓa nemana da komai ba sai in karanta kalmomi yara su maimaita. A firamare kuwa labarin daban ne. Tun 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji 5 da 6, kuma da yawa daga malaman ajin ba su saki jiki da harshen ba, sai su ja gefe su bar maka allo. Can ne na fi jin daɗin aikin. Akwai kuma ranakun jarrabawa da na hutu da za ka wuni a ofishin malamai ba darasi ko ɗaya. Wasu waya suke dannawa har a tashi. Ni a wannan kujera na koyi Japananci, kuma shi ya cece ni daga baya.

Kuɗin zai riƙe mutum ɗaya a ƙaramin gari, har ya ɗan aika gida. A Tokyo da ƙyar. Ina biyan hayar ɗaki yen 45,000, amma ranar shiga sai da na biya kuɗin ajiya, da la'adar dillali, da wani abu da suke kira reikin, kuɗin godiya ga mai gida wanda ba ya dawowa. Albashin farko bai shigo ba sai ƙarshen Mayu, don haka kada ka sauka ba guzurin wata biyu a hannunka. Ka tambayi kamfanin a rubuce ko suna biyan cikakken albashi a Agusta da Maris, domin nawa yana ragewa duk watan da ba karatu. Sannan a watan Yuni na shekararka ta biyu takardar harajin mazauna gari za ta iso, wanda ake lissafawa kan abin da ka samu bara. Ba wanda ya gaya min, na buɗe ambulan gabana ya faɗi. Inshorar lafiya kuwa tana da kyau, kashi 30 cikin ɗari kawai kake biya a asibiti. Idan ka zauna ka iya harshe, ka nemi hukumar ilimi ta wani gari ta ɗauke ka kai tsaye ba ta hannun kamfani ba, an fi samun albashi.

Abinci shi ne jarrabawar farko. Makarantu suna da abincin rana da ake kira kyushoku, yara ne suke sa farar riga su raba wa junansu, malami ya ci tare da su. Naman alade yana yawan shiga, wani lokaci a miyar da ba ka ga nama a cikinta ba. Tun makon farko na je wurin mataimakin shugaban makaranta na ce addinina bai yarda ba, ya amince in riƙa zuwa da nawa. Ka haddace harafin 豚, shi ne alade, ka riƙa duba bayan kowace leda a kanti. Ka kula da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda muke jefa magi. Shagunan Gyomu Super suna sayar da daskararriyar kaza ta Brazil mai tambarin halal, ita ta riƙe ni. Idan na yi marmarin naman rago ko kayan yaji sai in hau jirgi zuwa Shin-Okubo a Tokyo. Kifi kam sai ka ture.

Wurin salla bai ba ni wahala ba. Na roƙa, aka ba ni ɗakin ajiye kayan koyarwa, ina yin azahar a hutun rana. Juma'a ce ciwon, domin kana aji lokacin da ake huɗuba, masallaci kuma ya yi nisa. Sai lokacin hutu nake samunta, wani sa'in har Tokyo Camii, wani babban masallaci a Tokyo, nake zuwa don kawai in ga sahu ya cika. Wannan ya dame ni har na baro ƙasar, kuma gara ka san da shi tun yanzu. Azumina na farko ya faɗo a Mayu da Yuni, alfijir na ketowa wajen ƙarfe uku, ga ka kai kaɗai da sahur ba mai tashinka.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Mutanen nan suna da kawaici irin wanda iyayenmu suka san shi, har sun fi mu. Ba za su ce maka a'a ba. Idan ka kawo shawara malami ya ja iska ta haƙoransa ya ce "chotto muzukashii", wato da ɗan wuya, to an rufe maganar ke nan. Abokan aikina 'yan Amurka da Ingila wannan yana ƙona musu rai, suna cewa a fito a faɗa musu gaskiya. Ni ban sha wahalarsa sosai ba, domin wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ya san ana magana ba da baki ba. Amma ka sani kuskurenka ma ba za a faɗa maka ba. Watana na biyu na fitar da shara ranar da ba tata ba, na kuma haɗa gwangwani da abin ƙonawa. Da yamma na tarar da ledar a ƙofar ɗakina da takarda manne. Ba wanda ya ce uffan. Washegari na sayi ɗan biskit na je wurin tsohuwar da ke kula da wurin sharar unguwa, na rusuna na ba da haƙuri da guntun Japanancina. Daga ranar ta zama uwata a garin. Ita ta fara ba ni natto, waken da aka ruɓar mai yauƙi wanda birnin Mito ya yi suna da shi. Baƙi da yawa ko warinsa ba sa iya ji. Ni da na sansana sai na ji daddawa, na cinye tas, ta tafa hannu ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani.

Gaisuwa da tsaraba suna buɗe ƙofa a can kamar a nan. Ka shiga ofis da safe ka gaida kowa da murya, in za ka tashi ka nemi afuwar riga su tafiya, in ka je wani gari ka dawo da ɗan abin da za a raba, omiyage suke ce masa. Idan an gayyace ka walimar malamai ka je, ko da ana shan giya. Ka riƙe shayinka na oolong, ba mai tilasta maka, kuma a nan ne malamin da bai taɓa yi maka magana ba zai zauna kusa da kai.

Batun fata ba zan ɓoye maka ba. Yara za su taɓa gashinka da hannunka, son sani ne kawai, cikin wata guda ya wuce. Na manya ya fi nauyi. Masu gida biyu sun ƙi ba ni haya da suka ji baƙo ne. Kujerar kusa da ni a jirgi takan zauna ba kowa alhali mutane na tsaye. 'Yan sanda sun tsayar da ni a kan keke sau da dama, su duba katin zama da rajistar keken, cikin ladabi, amma dai ni suke tsayarwa. Kada katin nan ya rabu da aljihunka, doka ce. Duk da haka ba wanda ya taɓa zagina ko ya ɗaga min hannu, kuma walat ɗina da ya faɗi a tasha na karɓe shi a ofishin 'yan sanda ba abin da ya yi ciwon kai.

Abin da ya kusa mayar da ni gida kaɗaici ne. A Disamba rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi, ɗaki ya yi sanyi kamar randa, sai hitar kananzir. Japan tana gaban Najeriya da awa takwas, lokacin da kake neman mai hira mutanen gida suna tsakiyar harkokinsu, in sun natsu kai kuma ka yi barci. Ba mai yi maka sallama ya shigo haka kawai. Na samu sauƙi ne da na shiga ajin Japananci na kyauta da wasu dattawa masu ritaya suke yi a zauren gari duk Laraba, na kuma fara buga ƙwallo da yaran makaranta bayan an tashi. Ka fara koyon hiragana da katakana, wato haruffan farko na rubutun Japananci, tun kana gida, mako biyu sun isa.

Ka tambayi kamfanin garin da za su kai ka, makarantu nawa za ka riƙa zagayawa, da ko sai ka tuƙa mota. In sun faɗa maka ka rubuto sunan garin a nan, in duba maka masallaci da shagon halal mafi kusa. Allah Ya sa a je a sa'a.