Ku Tambaya Mu Amsa: In Sayar da Gidan Hayar Marayu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu ya bar mana gidan haya a Ɗorayi, Kano, sashe huɗu, kowanne ciki da falo. An raba gado, gidan ya faɗo a kasona da na 'ya'yana uku. Biyu daga cikin 'yan hayar suna biya a kan kari, ɗaya sai an yi ta jele, na huɗun kuwa ɗan'uwan marigayin ne, shekara biyu bai ba da ko sisi ba. Yayana ya ce in sayar in sayi adaidaita sahu. Mene ne shawararku?
Wata mai karatu, Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya marayu.

Kada ki sayar. Adaidaita kullum tsufa yake yi, ga direba, ga bakanike, shi kuwa gida a Ɗorayi, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ba zai rasa mai nema ba. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, don haka abin da kika sayar yau da wuya kuɗinsa ya sake gina miki irinsa. Sannan mafi yawan gidan na yaran ne, tunda tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, shi ne rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya. Dukiyar maraya ba a kai ta inda ake kasada.

Gidan lafiyarsa ƙalau, riƙonsa ne ke son gyara, kuma gyaran daga takarda zai fara. Ki tattara takardar rabon gado da ta cinikin fili, ki adana kwafinsu a wani wuri daban. In filin awon igiya ne, sa hannun mai unguwa kaɗai gare shi, ki je KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, ki fara neman takardar mallaka ta gwamnati. Kowane ɗan haya kuma a sake yi masa yarjejeniya a rubuce gaban shaidu biyu: nawa ne kuɗin, yaushe zai ƙare, wa zai gyara famfo da ƙofa, yaya za a raba kuɗin kwashe sokawe. Duk wanda ya biya ki ba shi rasit, kuɗin su shiga asusun banki na gidan kaɗai, ba wanda kike cefane da shi ba.

Batun ɗan'uwan marigayi shi ya fi damuna, domin na san kunya ce ta rufe miki baki. Kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki sami babba a dangin mijin, wanda yake jin nauyinsa, a zauna a faɗa masa cewa haƙƙin marayu ne a wuyansa. In ba shi da hali da gaske, kina iya yafe naki kason, amma na yaran ba naki ba ne balle ki yafe. A rubuta bashin, a tsara masa biya wata-wata. In ya ƙi, sai notis. Abin da aka saba a doka, in babu wata yarjejeniya, mai biyan shekara wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sannan a ƙara notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Ki sa lauya ya rubuta, don kuskure kaɗan a kwanan wata yana rushe shari'ar. Kuma duk zafin ranki kada ki bari wani ya kwance masa rufi, ya garƙame ƙofa ko ya watso kayansa waje. Mai gaskiya sai ta koma wadda ake ƙara.

Mai biya da jele kuwa, sau da yawa tara kuɗin shekara ne ke gagarar sa. Gwada karɓa duk wata uku.

Kada ki ɗauki kuɗin haya duka riba ne. Ni shawarata, ki ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don gyara. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ki kira kafinta ya hau ya duba kwano da indararo, a yashe kwata. Ƙusa ɗaya da ta saki tana iya ruɓar da silin ɗin ɗaki guda kafin Agusta ta wuce. Ki kuma nema wa kowane sashe mitarsa ta kati a KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, don kada wani ya tashi ya bar wa gidan bashin wuta.