Ginin Islamiyya ya kai linta, kuɗi sun kusa ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin kwamitin da ke gina ajujuwa huɗu na wata Islamiyya a Tudun Wada, Zariya. Mun yi ƙiyasin kuɗi tun kafin a haƙa harsashi, yanzu gini ya kai linta, asusu kuma ya kusa ƙarewa. Masu ba da gudummawa suna tambayar nawa ya rage a kammala, ni kuwa na rasa amsa. Ina muka kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji, Allah ya saka muku da alheri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki jimillar farko, a cire abin da aka kashe, a ce ragowar ce za ta ƙarasa aiki, alhali an gina jimillar ne a kan farashin da ya riga ya wuce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tifar yashi da dakon bulo suka tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama.

Ku zauna da birkila da kafinta a wurin ginin, ku rubuta duk aikin da ya saura, daga katako da kwanon rufi har zuwa filasta, ƙofofi da daɓe, sannan mutum biyu su shiga kasuwar Sabon Gari su jiyo farashin wannan makon daga shaguna uku. A kan wannan za ku ɗora bashin da ake bin kwamiti. Nan ne nake ganin an fi yin sakaci, domin rodin da aka karɓa da alkawari da ladan leburorin da ba a biya ba ba su da rasit, don haka ba sa shiga littafin ma'aji sai ranar da mai kaya ya zo ƙofar gida.

Ku ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba, musamman idan rufi zai shiga damina. Idan da hali, ku nemi wanda ya karanta ƙiyasin gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ya duba muku. Ku riƙa maimaita lissafin nan kowane ƙarshen wata, kuna rubuta kwanan wata a kansa, sannan ku karanta wa jama'a sabon adadin tare da dalilin da ya sa ya sauya.