Amsa ga ɗana kan jeranta finafinan jarumai da abin da ya shiga tsakaninsa da Baffansa

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso ni nan Kumasi tun daren Juma'a, kuma da gangan na jinkirta amsawa, domin tambayarka ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce ranar sunan da aka yi a gidanku a unguwar Nima ta Akara, bayan baƙi sun watse, kun zauna da 'yan'uwanka kuna jeranta finafinan jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, sai ka ɗora Avengers: Endgame a sama, ka jefa Superman na 1978 can ƙasa, ka ce ya tsufa har ba ya kalluwa. Baffanka ya ce ba ka san fim ba, kai kuma ka mayar masa da cewa zamaninsa ya wuce, ya tashi ya shige ɗaki, kuma tun ranar gaisuwarka kawai yake amsawa. Yanzu kana tambaya ko al'adarmu ta wajabta wa yaro bin ra'ayin babba ko da a kan fim ne, tunda an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Al'ada ba ta wajabta maka haka ba. Wannan karin maganar an yi ta ne a kan abubuwan da sai an daɗe a duniya ake sanin ƙarshensu, irin su aure da bashi da zaɓen abokin tafiya, ba a kan abin da idonka ya gani ya ji daɗi ba. Mu mutane ne masu son gardamar wane ya fi wane. Tun ina yaro nake jin dattawan unguwar Aboabo suna musu a kan ɗan ƙwallon nan Baba Yara, wanda aka sa wa filin wasanmu sunansa, daga baya aka shigo da Abdul Razak da ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978, sannan Abedi Pele ya zo ya ci kambun sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, kuma a duk wannan musun samari suna sa baki a majalisar ataya ba tare da an kira su marasa kunya ba. Abin da al'ada ta hana shi ne ka bar abin da ake musu a kansa ka koma kan mutumin. Da ka ce fim ɗin ya tsufa ka tsaya nan, da ra'ayi ka faɗa. Da ka ce wa ƙanin mahaifinka zamaninsa ya wuce, a gaban 'ya'yansa, shi ka ɗauka ka sa a ƙasan jerin, kuma wannan ne ya ji.

Ya kamata ka san abin da fim ɗin yake a wurinsa. Mu da muka tashi a lokacin sinimomi irin su Rex da Roxy a nan Kumasi, ko Dunia a can Nima, sai mun yi kwanaki muna tara kuɗin shiga, kuma fim ɗaya kan ishe mu hira wata guda. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta karya kasuwar sinima, sai gidajen bidiyo suka maye gurbinsu, inda ake tallar fim da hoton da aka zana da hannu a kan buhun fulawa. A wancan zamanin da aikin kwamfuta bai yaɗu a fim ba ne Baffanka ya ga mutum ya tashi sama kamar shaho, aka yi shi da wayoyi da dabarun haske da majigi, har masu ba da kyautar Oscar suka ware wa aikin lambar yabo ta musamman. Idan ya kare fim ɗin, ƙuruciyarsa yake karewa tare da abokan da suka zauna a benci ɗaya da shi, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Duk da haka ba zan ce maka fim ɗin ba shi da inda ya tsufa ba, domin na sake kallonsa bayan saƙonka. Tafiyarsa tana da nawa, sai an yi kusan sa'a guda kafin labarin jarumin ya kankama. Mugun labarin, wanda a zamaninmu muke kira bos, an mayar da shi da yaransa abin dariya, har ba ka jin tsoron abin da za su aikata. Ƙarshen kuma ban taɓa karɓarsa ba tun ina saurayi, inda jarumin ya yi ta zagaya duniya har ya mayar da lokaci baya don ya dawo da matar da yake so bayan ta mutu, domin labarin da ake iya warware mutuwa a cikinsa ya zubar da nauyin duk wani kuka da aka yi a baya. A waɗannan wurare uku kana da gaskiya.

Amma akwai abin da shekaru ba su taɓa ba, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Christopher Reeve, ɗan wasan da ya taka rawar Superman, ya fito a matsayin mutum biyu da jiki ɗaya, kuma akwai wurin da yake tsaye a falon yarinyar da yake so, ita ta shiga ciki, ya cire tabarau, ya miƙe kafaɗunsa, muryarsa ta sauya, ya yi niyyar gaya mata ko shi wane ne, sai ya fasa, ya mayar da tabarau ya sake ranƙwafawa. Babu waya babu kwamfuta a wannan wurin, ɗan wasa ne kawai da gwanintarsa, kuma gobe ma idan an kalla zai yi aiki. Haka nan wurin da uban da ya riƙe shi ya faɗi a gona da ciwon zuciya ya rasu, yaron da ke iya tsere wa jirgin ƙasa da gudu ya tsaya a bakin kabari ba shi da abin yi. Wannan shi ne ma'aunin da iyayenmu suke auna jarumi da shi tun kafin sinima ta zo. Ba su tambayar nauyin abin da ya ɗaga, suna tambayar abin da ya jure, da abin da yake da ikon yi amma ya kame hannunsa. Ya zo a hadisi cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Fim ɗin da ya gina jaruminsa a kan hali yakan daɗe, domin hali zanen dutse ne, wanda kuwa ya gina shi a kan ado yakan koɗe tare da adon.

Kada ka ɗauka ina cewa duk tsohon fim zuma ne da ake magani da ita. Batman & Robin na 1997 tsoho ne, kuma tun a shekarar da ya fito aka yi watsi da shi, domin fitilu ne da kaya masu ƙyalli ba tare da mutum a ciki ba. Ko Baffanka ba zai tsaya masa ba.

Idan ni zan jera, Spider-Man 2 na 2004 nake sawa a gaba, kuma dalilina wuri ɗaya ne. Bayan yaron ya tsayar da jirgin ƙasan da ya ƙwace har ƙarfinsa ya ƙare ya suma, fasinjojin da ya ceta suka tare shi, suka ɗauke shi a hannuwansu suka shimfiɗe, suka ga fuskarsa a buɗe, wani magidanci ya lura cewa bai wuce sa'an ɗansa ba, sannan yara biyu suka miƙo masa abin rufe fuskarsa suka yi alkawarin ba za su gaya wa kowa ba. Wannan rufin asiri ne, abin da kowane ɗan Zongo yake roƙon Allah safe da yamma, kuma ban san wani fim a cikin irin waɗannan da ya nuna shi da kyau haka ba. A kusa da shi nake sa The Dark Knight na 2008, wanda ɗan wasa Heath Ledger ya samu Oscar a kansa bayan rasuwarsa. Abin da ya riƙe ni a ciki shi ne jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni ɗaya da mutanen gari, aka ba kowane ɓangare ikon tarwatsa ɗayan don ya tsira, sai wani fursuna ya karɓi na'urar ya jefa ta ruwa ta taga. A finafinan biyu, jarumta ta fita daga hannun mai riga ta musamman ta koma hannun talakawa na ɗan lokaci.

Black Panther na 2018 ya fi wuyar sanyawa a jeri, domin rabinsa zai daɗe rabinsa kuma ya fara tsufa tun yanzu. Tufafinsa da kiɗansa da tsarin gine-ginensa sun ci Oscar uku, kuma duk wanda ya ji gangar tama ta Senegal a ciki zai tuna da kalangunmu. Zuciyar labarin kuwa tamu ce, domin sarki ya kashe ƙaninsa a Amurka ya bar marayan ɗan ƙanin a can ba tare da ya kawo shi gida ba, yaron ya girma ya dawo neman haƙƙinsa da wuta a ransa. Mu da kakanninmu suka baro Kano da Sakkwato da Katsina a fataucin goro mun san abin da yanke zumunci yake haifarwa. Sai dai faɗan ƙarshe da aka yi da kwamfuta ya riga ya yi kama da wasan yara na waya, alhali bai kai shekarun da wayoyin da aka ɗaga jarumin 1978 da su suka yi suna riƙe mutane ba.

Shi kuwa naka gwanin, Endgame, ban raina shi ba. Ya fito a 2019, ya tara kusan dala biliyan 2.8, kuma mutuwar jarumin da ya ba da ransa a ƙarshe ta taɓa ni. Amma shi ne na 22 a jerin finafinan kamfanin Marvel, kuma wanda bai ga na baya ba zai zauna sa'a uku kamar wanda ya iso tatsuniya ana ƙurunƙus. Ka kuma lura cewa laifin da na ɗora wa na 1978 yana wuyansa shi ma, tunda da komawa baya cikin lokaci aka samo hanyar dawo da rabin halittun da suka salwanta. Jin daɗin da ka yi a sinimar Silverbird, lokacin da zauren ya ɗauki ihu, gaskiya ne, kuma irinsa ne Baffanka ya ji a nasa lokacin. Ko zai tsaya da ƙafarsa, sai ranar da ɗanka ya kalle shi ba tare da wannan ihun ba.

Game da Baffanka, kada ka aika masa saƙon waya, kuma kada ka sa mahaifiyarka ta shiga tsakani. Ka saya masa goro, ka je bayan sallar la'asar lokacin da yake shi kaɗai, ka durƙusa ka ce kalmar da ka faɗa a kansa ba ta dace ba. Ba sai ka janye ra'ayinka a kan fim ɗin ba, kuma idan ka yi ƙaryar cewa ka janye zai gane. Ka roƙe shi ku kalla tare, ka bar shi ya gaya maka a inda ya fara ganinsa da wanda suka je tare, sannan idan an zo wurin mayar da lokaci baya ka tambaye shi cikin ladabi ko shi ya yarda da wannan ƙarshen. Ina zaton amsarsa ba za ta yi nisa da tawa ba, domin mun taɓa yin wannan musun da shi shekaru da yawa da suka wuce. Ka gaishe min da mahaifiyarka da mai jego, in Allah ya yarda zan shigo Akara bayan Sallah.

Kawunka.