Tambaya da Amsa: Ƙungiyoyi ne Ke Juya Alƙalan Kotunan Waje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, nan Kumasi, ina kuma da gonar koko kusa da kogin Offin. 'Yan galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun mai da ruwan kamar kunun kanwa, ko wanki ba ya yi. Ɗana ya ce akwai ƙungiyoyin da kan kai irin wannan ƙara kotunan waje su yi nasara. Ni kuwa na sha jin ana cewa kuɗin Turawa suke ci, su ke faɗa wa alƙalai abin da za su yanke. Ina gaskiyar take?
Mai karatu daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ba gonarka kaɗai abin ya shafa ba, madatsar Barekese da muke sha a Kumasi ai a kan Offin ɗin take.

Yaronka ya fi kusa da gaskiya. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan kuɗinsu daga waje yake zuwa, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma tasirinsu a kotu a fili suke yin sa: su ke nemo wanda aka zalunta, su ɗauki lauya, su tara hujja, su jure shekarun da talaka ba zai iya jurewa ba. Alƙali kuwa ba ya yanke hukunci sai a kan abin da aka aje gabansa.

Dubi Hadijatou Mani ta Nijar, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da abokan aikinta ne suka tsaya mata har Kotun ECOWAS, a 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ina matar ƙauye za ta san hanyar wannan kotu in ba an riƙe hannunta ba?

Wanda ya fi kama da naka shi ne na Neja Delta. Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da ke Legas ta kai gwamnatin Najeriya ƙara kan malalar mai, ta kafa hujja har da rahoton Amnesty na 2009. A Disamban 2012 kotun ta ce Najeriya ta keta sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wanda ya ba al'umma haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Ka lura da wannan, Alhaji: kotun ta cire kamfanonin mai daga shari'ar tun da farko, domin gwamnatoci take tuhuma. Ke nan in an kai ƙarar Offin, ba yaran da ke cikin rami za a gurfanar ba, gwamnatin Ghana za a tambaya me ya sa ta zuba ido.

Ƙofa a buɗe take. Tun 2005 mutum na iya zuwa Kotun ECOWAS da ke Abuja ba sai ya gama da kotunan ƙasarsa ba. Ghana kuma ta amince tun 2011 a kai ta Kotun Afirka da ke Arusha kai tsaye, sai dai can dole ka fara bin kotunan gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne bayan hukunci. Kotunan nan ba su da 'yan sanda, kuma har yau mutanen Neja Delta na kuka da ruwansu. Shi ya sa nake ganin ƙungiyar kirki ita ce wadda ba ta naɗe tabarma ranar da aka karanta hukunci.

Shawarata, kada ka tafi kai kaɗai. Ku haɗu da manoman da ke maƙwabtaka da kai, ku ɗauki hotuna da kwanan wata, ku sa a gwada ruwan a ba ku sakamako a rubuce, ku adana takardun gona da lissafin buhunan koko na da da na yanzu. Ku rubuta koke ga CHRAJ, wato hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana, da hukumar kare muhalli, ku riƙe kwafi mai hatimi. Da wannan a hannu sai ku tuntuɓi irin su WACAM da A Rocha Ghana, waɗanda suka daɗe suna aiki da garuruwan da haƙar ma'adinai ta ɓata.