Wace Jita Zan Saya, Oga?

Ka ce min kuɗin kiɗan biki sun ɗan taru, kana so ka ajiye jitar shago ka sayi taka ta lantarki. Jitar Stratocaster kake so, da tsirkiyoyi masu kauri, da koriyar fedar nan Tube Screamer, ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa ya sauya muryar jita, saboda da su ka ga makaɗin jitar nan na Amurka, Stevie Ray Vaughan, yana kiɗa. Sai ka ƙara da tambayar da ta fi ta farko nauyi, wai in ka haɗa duk wannan, yaushe za a jiyo buluz, salon kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka, daga nesa a ce hannunka ne. To gyara zama, ɗana.

Bari in fara da wuta, don ita ce ke cinye kuɗin mutum cikin daƙiƙa guda. Amfilifaya ita ce akwatin da ke ƙara wa jita murya. Ta gwanjo da ta fito daga Amurka yawanci an ƙera ta ne don bolt 120, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Kafin ka taya, juya bayan akwatin ka karanta. In 120 aka rubuta, sai ka haɗa da taransifomar rage wuta, in ba haka ba kana jona ta sai hayaƙi. Wadda ta fito daga Ingila, Faransa ko Jamus ba ruwanta da wannan. Sitabilaiza kuma dole ce ga mai kiɗa da janareto. Kar ka bar kowa ya karya maka ƙafa ta uku ta filogi wai don ya shiga soket. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, kuma in babu wayar ƙasa, wani abu ya lalace a cikin kayan, ranar da hannunka ke kan tsirkiya bakinka ya taɓa makirfo, ta jikinka wutar za ta bi. Haka makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya a 1972, jama'a na kallo.

Za ka ji ana zuga amfilifaya mai kwalabe, wato mai aiki da 'yan kwalaben gilashi a cikinta maimakon taransista, kuma ba ƙarya ake yi ba. In ka ƙure mata murya takan dushe a hankali cikin daɗi, ka taɓa tsirkiya da laushi ta fito garau, ka daka ta yi gurnani. Amma tana da nauyi, tana zafi, kwalabenta suna mutuwa, samun na canji sai an yi aike, kuma hanyar da muke bi da kaya a Keke ba ta raga wa gilashi. Ba a kunna ta in lasifikarta ba ta jone, ba a kuma sa hannu cikinta ko an cire ta daga bango, don tana riƙe ɗaruruwan bolt. Babban makaɗin buluz B.B. King ya yi shekaru yana hawa dandamali da amfilifayar Lab Series L5, mai taransista ce. Albert King ma mai taransista ya daɗe yana amfani da ita, ta kamfanin Acoustic. Nemi mai taransista, wat 20 zuwa 40, mai lasifika inci 10 ko 12. In fili ya yi girma ka kafa makirfo a gabanta, manyan lasifikun wurin su ƙarasa aikin.

Jita kuwa gida biyu ne manya. Kamfanin Fender ya fito da Stratocaster a 1954, bayan yayarta Telecaster. Gibson ya fito da Les Paul a 1952, sai ES-335 a 1958. Bambancin da ya shafe ka abu biyu ne kawai. Na farko maɗaukin sauti, wannan abin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa yana haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Na Fender naɗi ɗaya ne, muryarsa siririya ce mai kaifi, sai dai yana kwaso zuzun wutar ɗaki, musamman kusa da janareto ko dogon ƙwan fitila. Na Gibson, tun 1957, tagwaye ne da aka naɗa saɓanin juna don su kashe wannan zuzun, muryarsu ta fi kauri da ɗumi. A yawancin Stratocaster na zamani, in ka kai makunnin matsayi na biyu ko na huɗu, maɗaukai biyu sukan haɗu zuzun ya ɗauke. Na biyu tsawon tsirkiya: na Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75. Ka ga kamar ba komai, amma gajeriyar ta fi laushin ja, yatsunka kuma ba sa buɗewa sosai.

Kuɗinka ba su kai asalin ko ɗaya cikinsu ba, kuma ba abin kunya ba ne. Squier ƙanen Fender ne, Epiphone ƙanen Gibson, Yamaha Pacifica kuma ba ta cika ba mutum kunya ba. Duk wanda ya miƙo maka jita an rubuta Gibson a kanta da kuɗin da bai kai na wayar hannunka ba, rubutun kawai yake sayar maka. A shago, fara kaɗa ta ba tare da ka jona ba. Ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi ka ga ko ya murɗe. Bi kowace tsirkiya gida-gida, wato tsakanin ƙarafan da ke jere a wuyan, har ƙarshen wuya kana sauraron inda ta mutu ko ta yi ƙarar taɓa ƙarfe. Danna gida na 12, dole sautin ya zo daidai da na buɗaɗɗiyar tsirkiya, sai dai ya fi shi sama. Shafa gefen wuyan: hunturu kan busar da katako ya tsuke, bakin ƙarafan su fito suna yankar hannu. Wannan ana gogewa. Murɗaɗɗen wuya ne ba ya gyaruwa, ka bar masa kayansa.

In ka ji ranka ya ɓaci don ba ka sami mai suna ba, tuna Hound Dog Taylor na Shikago. Jitar Japan mai araha yake kaɗawa, irin wadda ake saya wa yara, da amfilifayar Silvertone mai tsatstsagar murya, amma saboda a ɗauki kiɗansa aka kafa kamfanin faifai na Alligator a 1971.

Tsirkiya mai lamba 13, wato mai kaurin nan da kake sha'awa, bar ta tukuna. Vaughan yana sassauta dukan saitinsa da rabin mataki don ta ja masa, ga shi da hannu kamar na maƙeri, duk da haka tana farfasa masa yatsu. Makaɗin jita Billy Gibbons ya sha ba da labarin yadda B.B. King ya ɗauki jitarsa, ya ji kaurin tsirkiyoyin, ya tambaye shi dalilin da yake wahalar da kansa haka. Daga baya Gibbons ya koma har lamba 7, kuma ba wanda ya ce muryar jitarsa ta rame. Kai fara da 9 ko 10. Feda kuma ta jira. Na'urar saita tsirkiya da wayar jonawa mai kyau za su fi yi maka amfani a bana. Ka koyi buɗe amfilifaya sosai sannan ka rage daga maɓallin jikin jita, in lokacin kukanka ya zo ka murɗa da ƙaramin yatsa. Rabin abin da kake nema a fedar yana nan.

Yanzu tambayarka ta biyu.

Dubi mutanen nan uku da ake kira King, waɗanda ba dangin juna ba ne. B.B. King, haifaffen Misisipi a 1925, ya tashi yana jin ɗan'uwan mahaifiyarsa Bukka White yana zamar da ƙarfe a kan tsirkiya, sautin na kuka kamar mutum. Ya yi ya yi ya koya, abin ya ƙi masa. Sai ya riƙa karkaɗa yatsa ɗaya daga wuyan hannu don ya kwaikwayi wannan kukan. Karkarwar da ya ƙirƙira saboda gazawa, ita ce yau ake gane shi da ita daga sauti ɗaya. Bai kuma cika kiɗa yana waƙa a lokaci guda ba: ya rera, ya yi shiru, jitar ta amsa. Albert King bahago ne. Ya ɗauki jitar na-dama, Flying V, ya juya ta ba tare da ya sauya jerin tsirkiyoyi ba, sirara suka koma sama. Inda kowa ke tura tsirkiya sama don ya ɗaga sauti, shi jawo ta ƙasa yake yi, hannu kuwa ya fi ƙarfi wajen jawowa, shi ya sa jansa ke kai nisan da masu kwaikwayonsa ke haɗa gumi kafin su kai. Da babban yatsa yake bugawa, ba ya riƙe farcen roba da ake kaɗa tsirkiya da shi. Freddie King na Teksas kuwa farcen roba yake sawa a babban yatsa, na ƙarfe a manuni, kaifin bugunsa daga nan ne. Ga kuma Albert Collins, da ya saita Telecaster ɗinsa a wani saitin da kusan ba mai amfani da shi, ya ɗaure mata wuya can tsakiya, yana fizgar tsirkiya da yatsu. Shi kansa Vaughan da kake so, saurare shi da kyau, za ka ji Albert King zaune a cikin rabin jansa.

Ba ɗaya cikinsu da ya zauna ya tsara yadda zai bambanta da mutane. Kowa ya bi wani da yake so har ya ci karo da inda hannunsa ya ƙi, ko inda kayansa suka tsaya, ya nemi hanyar ratsewa, ya daɗe a kanta har ta zama tasa. Don haka kwaikwayo ba laifi ba ne, da shi ake farawa. Matsalar ita ce ka kwaikwayi mutum ɗaya tak, har tsayuwarsa da hularsa. Ɗauko jimla ɗaya daga wannan, ɗaya daga wancan, da kunne, ba daga bidiyon da ke nuna maka inda za ka sa yatsa ba. Ka rera ta da baki har ta zauna kafin ka nemo ta a wuyan jita. Abin da bakinka bai iya faɗa ba, yatsunka haddarsa kawai suke yi.

Na lura da kai a wurin gwaji. In an shiga zagayen nan na buluz mai gaɓa 12, ba ka barin ko kafar allura, daga farko har ƙarshe gudu kake yi sama da ƙasa cikin sautukan nan biyar da aka saba kiɗan buluz da su. Asalin tsarin ba haka yake ba. Mawaƙi kan faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware, kuma bayan kowane layi akwai fili na kusan gaɓa biyu da aka bar wa jita. Aikin 'yan amshi kake yi, kuma kai da ka tashi kana jin Shata ka san ɗan amshi ba ya hawa kan bakin ubangidansa.

Kana kuma da wani jari da ba ka ƙirga ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum a gane. Ɗauki magana ta yau da kullum, irin wadda mahaifiyarka ke faɗi in ta gaji da kai, ka faɗe ta da ƙarfi, ka nemi hawanta da saukarta da inda take jan wasali a kan tsirkiya biyu. Za ka sami jimlolin da ba su cikin faifan kowa. Zamiyar goge daga sauti zuwa sauti ma tana kunnenka tun kana goye, kuma jan tsirkiya ɗan'uwanta ne. Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ba a taɓa ruɗa shi da wani ba.

Akwai waɗanda suka riga ka bin wannan hanya kusa da gida. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda ya rasu a 2006, abin da ya koya a kan kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya shi ya ɗora wa jita, Turawa suka ji suka ce buluz ne. Makaɗin jita Bombino, Ba'abzine, ya fito daga Agadas. Mdou Moctar, shi ma Ba'abzine kuma bahago, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin duniya ta san fuskarsa. Amma kar wannan ya sa ka ce ai buluz namu ne, ba sai ka koya ba. Dangantaka akwai, sai dai baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne suka haife shi, jikokin bayi, a gonakin auduga da sansanonin aikin ƙarfi, ya bi su zuwa birane. Muddy Waters da ya koma Shikago a 1943 ya riƙi ta lantarki ne don ta katako ba ta ratsa hayaniyar gidajen rawa. Kiɗan Agadas kan iya zama kan sauti guda ya yi ta juyawa, buluz ɗin Shikago kuwa yana sauya mazauni sau da yawa cikin zagaye ɗaya, kuma in ba ka jin sauyin nan a jikinka, mai ganga da mai jitar bes za su gane tun zagayen farko.

Ga aikinka na wannan mako, kuma da jitar shago za ka yi shi. Zaɓi sauti uku kacal a kan tsirkiya ta biyu da ta uku. Sa wayarka ta ɗauki murya, ka yi zagaye biyar da su a hankali, kana barin gaɓa biyu babu komai kafin kowace amsa. Duk jan da ka yi, fara danna sautin da kake nufin kaiwa ka ji shi, sannan ka ja har ka same shi cif, don jan da ya tsaya a hanya ya fi kuskuren yatsa muni a kunne. Kar ka saurari abin da ka ɗauka a ranar, bari sai washegari. Ka ware wuraren da ka ji kamar wani ne ke kiɗa da wuraren da ba ka san daga ina suka fito ba, ka kawo min na biyun ranar Asabar kafin gwaji.