Anti, na rasa ta inda zan fara gyaran ɗakina

Assalamu alaikum Anti. Shekarata bakwai da aure, yarana uku, ƙaramin wata takwas. Ciki da falo muke haya. Tun da na dawo daga wankan gida ɗakin ya fi ƙarfina. Wanki ya cika baho biyu, wankakkun ma suna jibge a kan kujera, kwanuka na kwana, ƙarƙashin gado kuwa ban san me ke ciki ba. Duk ranar da na ɗaura niyya sai in zazzage sif a kan gado, la'asar ta yi ban gama ba, in tattara in cusa. Yanzu ko sallama aka yi gabana faɗuwa yake. Maigida bai ce komai ba, amma ina ganin fuskarsa. Don Allah ta ina zan fara?

Uwar yara uku, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ƙyale sif ɗin nan tukuna, shi yake karya miki gwiwa. Kayan cikinsa ba sa wari, ba sa kiran kyankyaso, baƙo ma ba ya ganinsu. Amma da kin zube su a gado, aikin da zai iya jiran wata guda ya zama dole a gama shi kafin a kwanta.

Abin da ke ruɓewa shi ne farko. Gobe, da yara sun tafi makaranta, ki ɗauki babbar leda ki zagaya falo, ɗaki da kicin na minti 15. Shara kawai za ki tsinta: famfas, ledojin ruwa, kwalayen magani, ragowar abinci. In kin ci karo da takarda kada ki tsaya karantawa, nan ake shantakewa. Ki jefa ta a wata leda daban, don katin rigakafin yaro da takardar haihuwa na iya kasancewa a ciki. Ki ƙulle ledar shara ki fitar nan take.

Sai wanke-wanke. Tukwane masu ƙanzo ki zuba musu ruwan ɗumi da ɗan omo su jiƙa minti 20. Kafin nan ki haɗa baho biyu, na kumfa da na ɗauraya, ki fara da kofuna, sai cokula da faranti, sai kuloli, tukwanen miya a ƙarshe. In kika fara da mai maiƙo ruwan ya lalace, komai ya fito da santsi, ga asarar jarkar da kika saya. Kuloli a bar su a buɗe su bushe, in aka rufe da danshi warin nan ba ya fita da sauƙi. Ranar farko ki tsaya a nan, ko da kina jin sauran ƙarfi.

Wanki kuma igiyarki ce ma'auni. Iya abin da za ta ɗauka za ki wanke a rana, don jiƙaƙƙen kaya in ya kwana a bokiti tsami yake, da damina har baƙin fumfuna ya kama shi. Kayan jariri, kayan makaranta da tawul su ne gaba. Ki ninke tun a bakin igiya kina kwashewa, kada su sake ganin kujerar nan. Guga sai na fita unguwa da na maigida. In da hali, ki ce masa ya biya mai wanki da guga sau ɗaya a kwashe tsohon tarin. Ki faɗa masa abu takamaimai, ko wannan ko ya riƙe yaro awa ɗaya ranar Asabar. "Aiki ya yi min yawa" ba ya gaya wa namiji abin da zai yi.

Bayan kwana huɗu ko biyar sai ki taɓa sif, shi ma hawa ɗaya a rana. Kashi uku za ki yi: wanda ake sawa, na kyauta, da tsumma. Zan gaya miki gaskiya, a ciki da falo yawanci kaya ne suka fi wurin yawa. Ankon bikin da aka yi shekara biyar, kayan da suka yi wa yara kaɗan, setin kwanukan jere da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Ki fitar da na kyauta a makon, in ya kwana biyu a lungu komawa zai yi. Fasassun robobi da mataccen risho a ba 'yan gwangwan. Na ƙarƙashin gado ki fitar da su daga kwali ki sa a roba mai murfi, kwali gidan kyankyaso da gara ne. Kafur kuwa kada ya kusanci kayan jariri, yana jawo wa wasu yara ciwon shawara, mai rarrafe kuma zai iya haɗiye shi.

Shara daga sama ake farawa: yana, fanka, taga, sannan ƙasa. Da hunturu ki yi amfani da tsumma mai ɗan danshi, busasshe tayar da ƙurar kawai yake. A banɗaki kada ki haɗa Hypo da Harpic, iskar da suke fitarwa tana shaƙe mutum.

Manyan yaran ki ba kowa aikinsa, ɗaya jera takalma, ɗaya kwashe kayan wasa a kwando kafin magariba.

Wani abu kuma, tunda goyo kike. In gajiyar nan ta haura mako biyu tare da jiri, bugun zuciya, rashin barci ko kuka babu dalili, ki je asibiti a duba jininki, ki kuma gaya wa likita yadda kike ji a ranki. Ƙarancin jini da damuwar bayan haihuwa duk suna hana mace taɓuka aiki, kuma duk ana maganinsu.